Jita Mai Sunan Makaɗi: In Ba Ka Son Kamfanin, Ka Karɓa ko Ka Ƙi?

A Maraɗi tayin sa sunan makaɗi a kan jita ba daga Amurka yake zuwa ba. Galibi ɗan kasuwa ne mai shigo da kayan sauti, lasifika da ampili da makirfo, zai lura wani makaɗi ya yi tashe a bukukuwan aure, bidiyonsa na yawo a WhatsApp da TikTok, sai ya aika a kira shi. Akwai masana'antu a Sin da ke buga kowane suna a kan jita muddin odar ta yi yawa, to me zai hana a sa nasa? Za a ba shi jita biyu kyauta da ɗan abin hannu, shi kuma ya riƙa fitowa da ita. Sau da yawa makaɗin ya riga ya san kayan da mutumin ke shigowa da su, ya taɓa su a butik, kuma ba su kwanta masa ba.

Masu cewa ya karɓa suna da hujja. Kiɗa sana'a ce, akwai iyali, kuma aikin biki yana da lokacinsa: da azumi kasuwa kan tsaya cik, da damina ma takan yi sanyi. Masu cewa ya ƙi su ma suna da tasu, domin suna idan ya zube ba a kwashe shi. A ganinmu duka ɓangarorin sun yi gaggawa, saboda "ba na son kamfanin" magana ce a dunƙule, sai an warware ta an ga me ke ciki. Abin da ya kamata a auna shi ne jitar da za a rataye a butik da sunanka, wadda yaro zai yi watanni yana tara kuɗi ya saya don ya ga sunan nan. In za ka iya sauke ta daga ƙusa ka hau dandali da ita a daren nan, ƙin kamfanin bai hana ka sa hannu ba. In ba za ka iya ba, ko kamfanin na ɗan'uwanka ne bai kamata ka sa ba.

Hulɗar makaɗi da kamfani hawa-hawa ce, kuma mutane kan cuɗa su wuri ɗaya. Ta ƙasa ita ce rangwame: a sayar maka da kaya a farashin sari, a sa hotonka a talla. Ta tsakiya a ba ka jita kyauta ko aro, da sharaɗin ka riƙa riƙe ta a gaban jama'a. Ta ƙoli ita ce jita mai suna, inda za a ƙera samfuri yadda kake so, a rubuta sunanka a kanta, a ba ka kaso cikin kowace ɗaya da aka sayar. A biyun farko abin da kake faɗa wa mutane shi ne kana amfani da kayan. A ta ukun cewa kake yi kai ka zaɓi wuyanta da nauyinta da muryarta. Dubi jitar da kamfanin Fender ya fitar da sunan makaɗi Eric Clapton a 1988. Bayan wuyanta an sassaƙa shi da ɗan tudu a tsakiya kamar na tsofaffin jitocin da ya saba da su, an cusa guntun katako a bayan jakinta, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gangar jiki, don kada ya motsa, an kuma sa mata ɗan da'irar lantarki mai aiki da batir na bolt 9 da ke ƙara kaurin sauti. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abu ne da mutumin yake amfani da shi a dandali. Wanda ya saye ta ya sayi ra'ayin makaɗin game da jita, ba rubutu kawai ba.

Tarihin sana'ar ya riga ya nuna hanyoyi biyu da makaɗi kan bi idan abin bai masa ba.

Kamfanin Gibson ya fitar da jita da sunan makaɗi Les Paul a 1952, kan yarjejeniyar shekara 5 da kaso 5 cikin 100, da sharaɗin kada a gan shi a fili da jitar wani kamfani. Tun samfurin farko aka sami matsala. Kusurwar da aka haɗa wuya da gangar jiki ta yi kwance da yawa, sai aka zura tsirkiyoyi ta ƙarƙashin sandar jaki maimakon ta samanta, abin da ya hana mai kaɗawa ɗora tafin hannu ya dushe sauti. A 1953 aka sauya jakin. Wannan gyara ne, an yi, an wuce. Amma a 1961 kamfanin ya sake fasalin jitar gaba ɗaya, ya mayar da ita siririya mai ƙaho biyu masu tsini, ya kuma bar sunan Les Paul a kanta. Shi bai so ta ba, yana ganin mahaɗar wuyanta ba ta da ƙarfi. Zuwa 1963 sunansa ya sauka daga kanta, ta koma ana ce mata SG. Akwai wasu dalilan da suka haɗu a lokacin, wa'adin yarjejeniya ya cika kuma aurensa da Mary Ford yana mutuwa, amma abin lura shi ne SG ba mummunar jita ba ce. Har yau ana ƙera ta, ana sonta. Ba tasa ba ce kawai, shi ya sa bai dace ta ɗauki sunansa ba. A 1968 aka dawo da tsohon fasalin, sunan ya dawo tare da shi.

Chet Atkins ya bi ɗaya hanyar. Jitar kamfanin Gretsch mai lamba 6120 da ta fito da sunansa a 1955 an cika ta da adon kaboyi, hoton kan bijimi da na ƙaya, da babban harafin G da aka ƙona a fuskarta kamar shaidar da ake yi wa shanu. Bai so adon ba, bai kuma so mikron da aka sa mata ba, wato maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sautinsu. Bai fice ba. Ya zauna yana matsa wa kamfanin, aka riƙa cire adon kaɗan-kaɗan, aka kawo sabon mikro mai suna Filter'Tron wanda Ray Butts ya ƙirƙira, har aka kai ga samfurin Country Gentleman. Sai bayan da kamfanin Baldwin ya sayi Gretsch a 1967, inganci ya ja baya, muryarsa ta daina tasiri, sannan a ƙarshe ya janye sunansa ya koma Gibson. Abin da ya raba zamansa da tafiyarsa shi ne ko ana jin maganarsa a masana'anta ko ba a ji.

To yanzu a warware ƙiyayyar. Mafi yawan makaɗan da ke cewa ba sa son kamfani kaza, hannunsu ne bai saba ba, kuma wannan abu ne da ake aunawa da ma'auni. Tsawon tsirkiya daga ƙashin kai, wato ɗan ƙashi mai tsagi da tsirkiyoyi ke hawa a ƙarshen wuya, zuwa jaki a tsarin Fender milimita 648 ne, a tsarin Gibson kusan 628. Bambancin milimita 20 ɗin nan yana sa tsirkiya mai kauri ɗaya ta fi tauri a na farko, ta fi laushi a na biyu, kuma yatsu sun fi buɗewa a na farko. Fuskar wuya ma lanƙwasarta ta bambanta: tsofaffin Fender inci 7.25, na yanzu 9.5, Gibson 12, kuma ƙaramar lamba ita ce ta fi lanƙwasa. Mai lanƙwasa sosai ta fi daɗin kama tsirkiyoyi da yawa a lokaci ɗaya, mai faɗi ta fi daɗin gudun yatsu da jan tsirkiya ba tare da sauti ya shaƙe ba. Makaɗin da ya taso kan salon jitar Agadas, inda yatsa ke bugawa yana ɗagawa da sauri kan tsirkiya ɗaya yayin da wata ke amo a buɗe, yakan so tsirkiyoyi marasa kauri, irin saitin da lambar kaurinsa ke 9 zuwa 42, a kwance kusa da wuya. Sai nauyi. Stratocaster ta Fender kan kai kilo 3 da rabi, Les Paul kan haura kilo 4, kuma wanda ke tsayuwa tun bayan isha'i har dare ya raba a filin biki kafaɗarsa ta san bambancin. Sai mikro: mai naɗin waya ɗaya sautinsa garau ne amma yana jawo gunjin wutar lantarki, mai naɗi biyu yana kashe gunjin amma muryarsa ta fi kauri da duhu.

Duk waɗannan abubuwa ne da jita mai suna aka yi ta don ta gyara. In ƙinka iyakarsa nan ne, kuma kamfanin ya yarda ya ƙera bisa awonka, to ba ka da dalilin ƙi, sai ma dai ka sami dama. John Mayer ya bar Fender a 2014, a 2018 ya fito da Silver Sky a kamfanin PRS, wanda a da ba a san shi da irin wannan jita mai mikro uku masu naɗi ɗaya ba. Kamfanin ne ya matso wurinsa. Tambayar da za ka yi wa ɗan kasuwar Maraɗi ita ce ko odar tasa ta kai yawan da masana'anta za ta yarda ta sauya wuya da mikro, ko kuwa jitar da ke cikin kundin tallarsu ce za a manna wa sitika. In sitika ce, ba jita mai suna ake maka tayi ba, hayar sunanka ake nema.

Akwai kuma ƙin da ba shi da tushe sai ganin ido: kan jitar bai yi kyau ba, ko abokai suna raina alamar. Wannan bai kai a ɓata lokaci a kansa ba. Fenti ana sauyawa.

Inda maganar take da nauyi shi ne inganci, kuma a nan garinmu yana da nasa hukuncin da masana'anta ba ta sani ba. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Hunturun Maraɗi kan sauke ta ƙasa da kashi 20, sannan damina ta ɗaga ta sama, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Katakon da ba a busar da shi sosai ba kafin a ƙera, a hunturun farko yake tona asirin kansa. Fuskar wuya ta tsuke, ƙarafunan firet kuwa, waɗanda aka jera a gicciye kan wuyan, ba sa tsukewa, sai bakinsu ya fito a gefe yana kartar hannu. Wuya ya motsa, tsirkiya ta fara zuza a wasu wurare. In jita ce mai rami, fuskarta kan lotsa ko ta tsage a bayan jaki, da damina kuma ta kumbura har jakin ya fara ɗagowa daga gam. Saboda haka samfurin da aka kawo maka a Agusta bai gaya maka komai ba tukuna. Ka riƙe shi har ya ga Janairu da Fabrairu, kana fita da shi aiki, ba a ajiye cikin jaka ba.

Gwajin kansa ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Ka ɗaure tsirkiyoyi daidai, ka sa kapo, wato matsen da ke danne duk tsirkiyoyi, a firet na 1, ka danne babbar tsirkiya a firet na ƙarshe, sannan ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 7 ko na 8. Ya kamata ta kasance kusan milimita 0.25. In ba ka da siraran ƙarafunan awo irin na makanikai, guntun ƙaramar tsirkiya mai lamba 10 kaurinsa ke nan daidai, sai ka zura shi ka ji ko ya wuce da ɗan gogawa. Daga nan ka ɗauki makullin Allen, galibi na milimita 4 ko 5, ka juya sandar ƙarfen da ke cikin wuya rubu'in zagaye, ka bar ta ta huta, ka sake aunawa. In tazarar ta sauya, sandar na aiki. In ta ƙi juyawa, ko tana juyawa wuyan bai motsa ba, ka ajiye jitar nan take, domin wuyan da ba a iya saita shi ba zai kai damina biyu a ƙasar nan ba. Kada ka tilasta ta, karyewar sandar ta fi komai wahalar gyara.

Sai tsayin tsirkiya a firet na 12: kusan milimita 2 a babbar, 1.6 a ƙaramar. Ka saita ta haka, ka bi kowane firet ɗaya bayan ɗaya a kowace tsirkiya. Inda ka ji zuza, ka ɗora ɗan ƙarfe miƙaƙƙe a kan firet uku a jere. In ya yi rawa, na tsakiyan ya fi sauran tsayi, wato ba a daidaita su a masana'anta ba. Ka kuma gwada amon tsirkiya a buɗe da amonta idan an danne a firet na 12. Dole su zama murya ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. In na dannen ya haura, a ja sirdin jaki baya. In ya gaza, a matso da shi gaba. Idan sirdin ya kai ƙarshen tafiyarsa bai daidaita ba, an dasa jakin ba a wurinsa ba ne, kuma wannan aibi ne da yakan bi dukan jitocin da aka yi a zubi ɗaya. Ka ja tsirkiya ta uku da ƙarfi sau da yawa ka sake duba ɗaurinta. In kana murɗa kunnen ɗaure tsirkiya ka ji "ƙit" sannan murya ta yi tsalle, tsagin ƙashin kai ya matse ta. Wannan ƙaramin gyara ne. Amma kunnen da kake murɗawa ya yi tafiya kafin tsirkiya ta motsa, haƙoransa sun yi sako-sako, sai dai sauyi.

Ɓangaren wuta kuwa sai an buɗe murfi an leƙa. Mai gyaran rediyo da mitarsa ya isa. Mikro mai naɗi ɗaya yakan nuna kusan om 6,000, mai naɗi biyu na gargajiya kusan 8,000. Mai naɗi ɗaya maɓallin ƙara na 250k (om 250,000) ake sa masa, mai naɗi biyu na 500k, kuma in aka musanya, sauti ya dushe ko ya yi tsini. Ka jona ta a ampili ka saki tsirkiyoyi, za ka ji gunji. Ka taɓa su, gunjin ya ragu. In bai ragu ba, ba a haɗa wayar ƙasa da jaki ba. Ka ƙure ampili kamar yadda ake ƙure shi a filin biki: mikron da ba a tsoma naɗinsa cikin kakin zuma ba zai fara kururuwa mai huda kunne ko ba ka taɓa komai ba. Ka duba likin dalma, mai kyau yana ƙyalli a kwance, marar kyau ya dunƙule ya yi fari-fari, kuma shi ne ke saki a kan babur tsakanin Maraɗi da Tibiri. Ramin jona waya shi ne ya fi kowane abu mutuwa: goronsa ya kwance, ramin ya riƙa juyawa, waya ta murɗe ta tsinke daga ciki. Ƙura kuma tana shiga ƙananan maɓallan nan masu buɗaɗɗen gefe, wata biyu sai ka ji ƙarar yashi duk lokacin da ka murɗa.

Wannan gwaji ba a kan jitar da aka kawo maka gida ake yinsa ba. A nan ne ha'incin sana'ar yake ɓoye. Abu ne mai sauƙi a zaɓi jita biyu cikin 100, a kai wa gwani ya daidaita firet, ya sauya mikro da kunnuwa, a miƙa wa makaɗi, sauran 98 kuma su tafi butik yadda suka fito daga kwali. Mutane su ji muryar taka a biki, su sayi mai irin fentinta, su koma gida da wani abu daban. Makaɗin da ya san haka ya yi shiru, matsayinsa ɗaya da dillalin da ya san dabba na da ciwo ya tsaya yana yaba ƙibarta, kuma hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu bai ware mai talla ba. Ka je sito da kanka, ka nuna kwalaye biyar daga wurare daban-daban, a buɗe a gabanka. Ba laifi ba ne a yi samfuri mai araha. PRS ya fitar da Silver Sky mai rahusa a 2022, ƙirar Indonesiya, da katako daban da lanƙwasar wuya ta inci 8.5 maimakon 7.25, amma an sa mata alamar SE, an bayyana bambancin, farashinta ma daban. Mai saye ya san abin da ya biya.

Saura ƙin da ya shafi halin kamfanin: ya taɓa cin amanar wani makaɗi, ko yana zaluntar ma'aikata, ko yana sayar da jabu da tambarin wasu. Wannan babu awon da zai gyara shi. Kuma a sani cewa sunan da ke kan jita sau da yawa ba shi ne mai masana'antar ba. Kamfanin Cort na Koriya ta Kudu, alal misali, yana ƙera wa manyan alamu da dama jitocinsu masu sauƙin kuɗi. Lokacin da ya sallami ma'aikata a Koriya a 2007, rikicin ya ɗauki shekaru har 2019 kafin a sasanta, kuma makaɗa irin su Tom Morello sun fito sun goyi bayan ma'aikatan. A nan gida abin ya fi kusa da haka. In ɗan kasuwar da ke maka tayi shi ne wanda aka sani da rataye jita mai tambarin Fender alhali ba Fender ba ce, to sunanka zai zauna a jere ɗaya da wannan ƙaryar, kuma mai saye ba zai raba su ba. A irin wannan muna ganin ƙi ya fi, ko da samfurin ya ci duk gwajin da muka lissafa.

A yi lissafin kuɗin ma da idon basira, domin yawanci bai kai yadda ake zato ba. A ɗauka, a matsayin misali, farashin sari jaka 60 ne, kasonka 5 cikin 100. Jaka 3 ke nan a kowace jita. In an sayar da 100, jaka 300, kuma jita 100 ba a wata ɗaya suke ƙarewa a kasuwa irin tamu ba, ko an haɗa da Damagaram da Katsina. Makaɗi ya kwatanta wannan da abin da yake samu a bukukuwan shekara guda, waɗanda sunansa ne ke kawo su. Ya kuma tambaya: kason daga farashin sari ne ko na butik, kafin a cire kuɗin duwan da sufuri ne ko bayan an cire, kan waɗanda aka shigo da su ne ko waɗanda aka sayar? Wa ke riƙe da littafin? In ba za a nuna maka takardun shigo da kaya ba, gara ka nemi kuɗi a dunƙule kan adadi sananne, a buga wa kowace jita lamba daga 1 zuwa 100, in sun ƙare a sake zama.

Duk abin da aka yarda a kai ya shiga takarda, ko da mai tayin surukinka ne. Sharaɗin da ya fi cizo shi ne na keɓewa, wato kada a gan ka da wata jita. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in ka sa hannu kan wannan alhali ba ka son jitar, ka ɗaure kanka da ita a kowane biki da kowane bidiyo. Ka nemi a taƙaita shi ga hotunan talla da wasu fitowa da aka ƙidaya, a bar maka ɗakin ɗaukar sauti ka yi amfani da abin da waƙa ke buƙata. A liƙa wa yarjejeniyar takardar awo mai ɗauke da irin katako, tsawon tsirkiya, lanƙwasar wuya, irin mikro da kunnuwa, tare da cewa ba a sauya ko ɗaya sai da sa hannunka. Wannan ba zargi ba ne, kayan ƙira suna sauyawa ko a manyan kamfanoni. A 2017, da yarjejeniyar CITES mai kare dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa ta tsaurara cinikin katakon rozwud, Fender ya koma amfani da wani katako mai suna pau ferro a jitocinsa na Meziko. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa yana iya sauya masana'anta gaba ɗaya a oda ta biyu don ya rage jaka biyu.

Sai batun wa ya mallaki me. Eddie Van Halen ya ƙera jita da kamfanin Music Man a 1991; da ya tafi, kamfanin ya ci gaba da sayar da ita da sunan Axis. Da ya koma Peavey a 1996 ya sa wa sabuwar sunan ɗansa, Wolfgang, kuma da ya bar su ya tafi da sunan. Makaɗin Nijar da ke da sunan dandali yana iya yi masa rajista a matsayin alamar kasuwanci a hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda rajistarta ke aiki a ƙasashe 17 har da Nijar, na tsawon shekara 10 da ake sabuntawa. Najeriya ba ta ciki, don haka in kayan za su ƙetara Jibiya zuwa Katsina da Kano, wannan rajista ce daban. Haƙƙin waƙoƙin da za a sa a tallar kuma wani abu ne dabam, ta hannun BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, yake bi, kada a bari a cusa shi cikin kuɗin jita. A rubuta cewa aron suna ka bayar na wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, ba sayarwa ka yi ba, kuma in kasuwancin ya koma hannun wani, ko mai shi ya rasu magada suka karɓa, kana da ikon janyewa. Gibson kansa ya shiga kariyar fatarar kuɗi a 2018 ya fito da sababbin masu shi, balle butik.

Abu biyu kuma da ake mantawa, alhali su ne suka fi shafar mai saye. Na farko kayan gyara: a shigo da kunnuwa da maɓallai da ramukan jona waya da tsirkiyoyi tare da jitocin, a kuma ware mai gyara ɗaya a gari wanda zai saita kowace jita kafin ta bar butik, ya sake dubawa kyauta bayan hunturun farko. Aikin awa ɗaya ne ga wanda ya iya, kuma shi ke mayar da jita mai araha abin kaɗawa. Na biyu ƴan bahago. Mdou Moctar, ɗaya daga cikin makaɗan jitar Nijar da duniya ta fi sani, da hagu yake kaɗawa, kuma yaran da ke koyi da shi suna shan wahalar samun jitar da ta dace da hannunsu. Juya tsirkiyoyi kawai ba ya wadatarwa, sai an sake ƙashin kai an sake saita sirdin jaki, ga maɓallai suna tokare hannu. Makaɗin da aka ba damar tsara oda ya sa a ware ƴan kaɗan na hagu a ciki.

Wa'adin fita shi ma a fayyace shi da adadi. Ranar da yarjejeniya ta ƙare za a sami ragowar jitoci a sito da sunanka a kansu. A rubuta wata nawa aka ba ɗan kasuwar ya sayar da su, uku ko shida, da cewa ba zai yi sabuwar oda a cikin wannan lokaci ba, kuma kasonka na nan kan kowace ɗaya. Abin da ya rage bayan wa'adin a goge sunan daga kai kafin a sayar. Saboda haka tun a wurin oda ka nemi a sa sunan a kan ɗan murfin da ke rufe bakin sandar wuya ko a farantin bayan wuya, waɗanda ake kwancewa da sukurudireba, maimakon a binne shi ƙarƙashin fenti inda sai an kankare katako.